Kawu Iro da Sakin 'Yar Sarki

Salamu alaikum 'yan gida. Yaya Binta ta ce kowa ya turo abin da yake tunawa da Kawu Iro a gurup ɗin nan, na ga kowa ya turo layi bibbiyu: mutumin kirki ne, mai zumunci ne. Duk gaskiya ne. Amma ni ku yi haƙuri, nawa da tsawo, don mutumin nan ya wahalar da ni, kuma sai na faɗa. Wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya bari sai ya saka wata.

"Na sake ta!"

Duk wanda ya taɓa wuni a gidan Kawu ranar Juma'a ya san ihun nan. Bayan la'asar ne, daga gindin darbejiyar ƙofar gida, har kaji sai sun watse. Kun tuna zuwan amaryar Yaya Sani na farko ƙauye? Tana tsakar gida ta jiyo, ta saki kwanon hannunta, ta ruga wajen Inna Talatu matar Kawu tana kuka.

"Inna, ki yi haƙuri! Innalillahi! Da tsufanku?"

Inna ko ɗago kai ba ta yi ba daga tankaɗen da take yi. Ta ce, "Zauna, 'yar nan. Ba ni ba ce. Ta biyu ke nan a watan nan."

Ga waɗanda ba su san kan zancen ba, musamman yaran da aka saka a gurup kwanan nan: ces ake bugawa a gindin bishiyar, darar Turawa. Kowa da rundunarsa, ɗaya farare ɗaya baƙaƙe, da sarki da sarauniya da dawakai, sojoji a gaba. Wanda aka ritsa sarkinsa an cinye shi. Mai farare ke fara motsi, kuma akwai hanyoyin fara wasan kala-kala, kowace da sunanta. To waɗannan hanyoyin su Kawu ya mayar matan aurensa. In ya fara da wata aka cinye shi, ba shi ya yi kuskure ba, ita ce ba ta da albarka. Sai saki.

Abokin wasansa ɗaya ne a duniya, Malam Habu, tsohon malamin gona na bayan masallaci. Tare suka koya tun suna samari a kwaleji, wajen wani malaminsu Ba'indiye. Kawu ne da farare kullum, saboda ya girmi Malam Habu da damina ɗaya, kuma a cewarsa ƙarami ba ya riga babba sa hannu a kwano. Malam Habu bai taɓa musu ba. Ya karɓi baƙaƙensa, ya buga abu guda da ya saba, a hankali kamar mai shuka gyaɗa, in ya gama ritsa Kawu ya gyara hula ya ce, "Allah ya jiƙan sarki."

Wallahi tun da na yi wayo har na zama magidanci ban taɓa ganin Kawu ya ci shi ba. Ko sau ɗaya. Kuma burinsa ke nan a duniya. Sau nawa ya ce min, "Auwalu, in Allah ya yarda ba zan kwanta dama ba sai na ga sarkin Habu a kwance."

Abin haushin shi ne, ban da wannan, Kawu ba ya canza komai a rayuwarsa. Komai! Kekensa na zamanin yana hedimasta, shi ya hau har ƙarshe. Irin dawarsa kaura ce ta kakanmu, Malam Habu ya yi aikin gwamnati har ya yi ritaya bai iya sa shi ya gwada sabon iri ko kunya ɗaya ba. Allon ces ɗin ma, ɗaya daga cikin masu kama da hasumiyar nan, waɗanda yake ce wa rumbu, ya ɓace tun ina firamare, ya maye shi da kwalbar man zafi. Na sayo masa sabon allo a Kano, mai kyau, ya juya shi ya juya, ya ce Inna ta riƙa shanya kuɓewa a kai. Amma hanyar fara wasa? Kamar ruwan wanka yake canza ta.

Ta farinsa, wadda ya fi so, ita ce 'Yar Sarki. Shi ya raɗa mata sunan. Ba wani abu ba ne, sojan da ke gaban sarki za ka tura taki biyu, abin da kowane ɗan koyo yake farawa da shi. Da ita ya koya, da ita ya tsufa. Ya sake ta sau ɗaya kafin a haife ni, ya mayar. Ya sake ta na biyu, ya mayar. Na ukun a gabana aka yi, na zo hutun sallah. Ranar Malam Habu ya cinye shi tun shayin da aka kawo bai huce ba. Kawu ya miƙe, babbar riga na kaɗawa, ya nuna ɗan sojan nan da yatsa.

"Na sake ki! Na sake ki, kuma na uku ke nan, kowa ya shaida!"

Malam Habu ya ce, "Yaya Iro, a yi dai a hankali."

"Kai ka yi min shiru, Habu, da bakinka a ciki!"

Gari na wayewa jikinsa ya yi sanyi. Ko kokon safe bai sha ba, ya ja ni muka tafi wajen Liman, wai neman mafita. Ya zauna ya zayyana komai da gaske, kamar a gaban alƙali. Liman ya saurara har ƙarshe, yana ta danne dariya da gefen rawani.

"Malam Iro, katako ne fa. Je ka buga abinka. Amma ka rage wasa da kalmar nan, ba abin wasa ba ce."

"Allah gafarta Malam, ai don na san ba abin wasa ba ce shi ya sa ban taɓa nufar Talatu da ita ba. A kan katako nake sauke ta."

"To na ji. Je ka, babu komai a kanka."

Muna fitowa zaure ya kama hannuna ya ce, "Ka ji fa. Limamin nan sassaucinsa ya yi yawa." Mutum ya je neman sauƙi, an ba shi sauƙi, ya ce bai yarda ba! Ya yanke wa kansa hukunci: 'Yar Sarki ta haramta gare shi, sai in wani ya ɗauke ta tsakani da Allah, ya zauna da ita, ya rabu da ita don kansa.

Na kai ƙara wajen Inna, na ce ta yi masa magana. Ta ce, "Ni? Ka bar shi. Duk sakin da Allah ya zuba a bakin mutumin nan gara ya ƙare a kan allo."

Daga nan wahalata ta fara. Tunda ni ne mai babbar waya, kuma ya san ina ɗan taɓa wasan a cikinta, sai na zama mai nemo masa aure. Ina tsakiyar aiki a shago, kwastoma a tsaye, sai kira. Ba ma kira ba, filashin. Ni zan bi.

"Auwalu, wayar nan taka ba ta da wata?"

"Wata me, Kawu?"

"Wata mana! Mai hankali. 'Yar gidan mutunci."

Na fara tura masa wadda ake ce wa ta Landan. Na ce wannan ba ruwanta da rigima, ka jera kayanka ka zauna lafiya. Na tura bidiyo ta wayar maƙwabcinsa mai cajin waya. Kawu ya kalli farkon ya ce a kashe, kar a cinye wa mutane caji, ya gane. Juma'a biyu ta yi a gidan. Ta uku sai ga filashin.

"Na sallami 'Yar Landan."

"Haba Kawu! Me ta yi?"

"Sanyin jiki. Kafin ta gama kwalliya Habu ya shigo har tsakar gida."

Na kawo wata, wadda ake ba da soja ɗaya da gangan don a samu fili a kai hari. Na hau mota takanas na zo har gida na nuna masa a kan allo. Yana ta gyaɗa kai, har muka zo gurin.

"To a nan, Kawu, sai ka bar masa sojan nan ya ci."

"In bar masa?"

"E, kyauta. Dabara ce."

"Kyauta? Habu? A wannan zamanin? Me ya taɓa ba ni?"

"Kawu, za ka fanshe a gaba."

"Haka ake ce wa duk wanda za a cuta."

Ya dai ɗauke ta. Ranar Juma'a ya miƙa sojan, Malam Habu ya kai hannu zai ci, Kawu ya riƙe masa hannu ya ce ya fasa. Da aka hana shi fasawa, sai ya kwashi rundunarsa kaf ya bi sojan nan guda yana son ramawa, ya bar gida ba kowa. Ita ko kwana ba ta yi ba.

Ta Ingila kuwa, ya ce ta cika kewaye-kewaye, ba ta kallon mutum ido da ido. Wata ya sake ta don sunanta ya ƙi faɗuwa a bakinsa. Wata kuma don ranar da ya fara ta akuyarsa ta ɓata. Rannan na tura masa 'Yar Italiya, na manta ita ma da sojan gaban sarki ake fara ta. Ya kira ni da kansa, da kuɗinsa, ku ji girman laifin.

"Kai, ni za ka yaudara? Ai ita ce! Zani kawai ta canza!"

Jama'a, abin da ya fi ci min rai shi ne na san ciwon, kuma ba a farawa yake ba. A wasan akwai wani motsi da kowa yake yi da wuri: ka ɗauke sarkinka daga tsakiyar fili ka kai shi kusurwa, rumbu ya tsaya masa a baki. Malam Habu ba ya fashin yinsa. Kawu kuwa bai taɓa yi ba. Sarkinsa na nan tsaye a tsakiya kamar mai jiran mota a bakin titin Tsanyawa, kowa ya zo wucewa ya mangare shi. Na faɗa, na sake faɗa, har na gaji.

"Kawu, don girman Allah ka ɓoye sarkinka. Shi ke nan fa matsalar."

"In ɓoye shi a ina?"

"A kusurwa, bayan rumbu."

"Sarki? Bayan rumbu? Ɓera ne shi? Talakawa na gaba ana kashe su, shi yana laɓe? Ba a gidana ba."

"To haka za a yi ta cinye ka."

"A cinye ni da mutuncina. Kai dai nemo min wata."

Tabɗijan. Haka muka yi ta yi, shekara da shekaru. Masu suna suka ƙare, ya koma marasa suna. Ya tura sojan gefe, ya ce 'Yar Gefe. Ya fitar da doki can bakin allo inda ko ciyawa babu. Kowace sai ta cika uku, don ya daina ma yin ɗaya-ɗaya, a dunƙule yake yi. Bara waccan bayan an gama girbi ya yi filashin, na bi, na ce masa gaskiya.

"Kawu, sun ƙare."

"Wace irin magana ce sun ƙare? Duk faɗin wayar?"

"Duk abin da doka ta yarda a fara da shi ka fara da shi, kuma ka sake shi. Babu saura."

Sai ya ce, "To," ya kashe.

Na ɗauka na huta. Ina! Kawu ya daina fita gindin darbejiya. Juma'a ta zo, Malam Habu ya shimfiɗa tabarma ya zauna shi kaɗai har magariba. Wata Juma'ar ma haka. Kawu na cikin gida yana neman rigima da kowa: miya ta yi gishiri, jikoki sun cika surutu, tunkiya ta kalle shi. Abinci ma ya rage ci. Sai ga Inna ta sa an kira ni.

"Auwalu, ko ka zo ka ɗauki kawunka ka tafi da shi Kano, ko ka samo masa abin da zai tura. Mutumin nan ramewa yake."

Na zo. Wallahi da na gan shi ya zabge, wuyansa duk ya fito. Na ce a raina yau za a gama wannan shirmen. Na ɗauko allon na jera.

"Kawu, ka ce sai wani ya ɗauki 'Yar Sarki ya rabu da ita, ko? To ni kullum da ita nake farawa a waya. Duniya ma kaf ana buga ta."

"A wayarka. Na gani? Da shaidu? A kan allon nan aka rabu, a kansa za a gyara."

"Shi ke nan. Ga ni ga allo. In buga ta yanzu sau ɗaya, in ce na sake ta, ka mayar da abarka."

Ya kalle ni kamar na zagi kakanmu.

"Auren kisan wuta za ka yi min? A gidana? Ɗan ƙanwata? Talatu! Zo ki ji abin da birni ya koya wa yaron nan!"

Na haɗa kayana a ranar. Na rantse ba zan ƙara sa baki ba.

Malam Habu ne ya warware, kuma har yau ban san ko da niyya ya yi ba. Na dawo wata Juma'a kawo wa Inna magani, sai ga shi ya yi sallama a zaure da tabarmarsa a hammata.

"Yaya Iro, tunda ba ka da abin farawa, ba ni fararen."

"Kai? Ƙarami ya riga babba sa hannu a kwano?"

"Ai babban ne ya ce ya ƙoshi."

Kawu ya buɗe baki zai yi masifa, Inna ta leƙo daga ciki da muciya a hannu ta ce, "Malam, in ba ka fita ba ni zan fita in buga da shi." Ya fita.

Aka juya allo. Karo na farko a tarihi Malam Habu na da farare. Ya daɗe yana kallonsu kamar wanda aka ba aron babur bai iya ba. Can ya kai hannu, ya kama sojan gaban sarki, ya tura taki biyu.

Ku zo ku ga fuskar Kawu.

"Habu. Me ka yi?"

"Na fara wasa."

"Da wa?"

"Ita kaɗai na sani, Yaya Iro. Ita Ba'indiyen ya koya mana."

"A gabana? A ƙofar gidana? Ko kunya?"

"Ai ka ce ka gama da ita."

Ranar Kawu bai buga wasa ba, dambe ya yi. Duk abin da yake da shi ya tura kan sojan nan. Aka cinye shi fata-fata. Sati na zagayowa tun kafin la'asar yana gindin bishiya yana jira. Abinci ya dawo, har da ƙari. Haka aka yi ta yi duk ranin nan, Malam Habu na cinye shi da tsohuwar matarsa, shi kuma yana kira na yana huci.

"Ka ga yadda ta yi kyau a hannunsa? A gidana ba ta taɓa irin wannan ƙoƙarin ba. Munafuka."

Sai gab da faɗuwar damina, ana ta kai taki gona, ya yi min filashin ranar Alhamis, na bi. Muryarsa a kwance, har ta ba ni tsoro.

"Gobe ka zo. Ka zo da wayarka da caji."

"Lafiya, Kawu?"

"Na zauna na yi tunani. Wa ya san halin yarinyar nan kamar ni? Duk ta inda ake kayar da ita, a kaina aka gwada."

Na zo. Mutane sun ɗan taru, har Liman ya tsaya da zai wuce. Malam Habu ya tura 'Yar Sarki. Kawu bai yi ihu ba. Ya tura nasa sojan taki ɗaya, a hankali. Na duba da kyau, sai na gane: abin da Malam Habu ya shekara yana yi masa, shi yake mayar masa, ɗaya bayan ɗaya, har da yadda yake gyara hula. Can ina tsaye sai na ga abin da ban taɓa zaton gani ba. Kawu ya ɗauki sarki ya kai shi kusurwa, ya tsayar da kwalbar man zafi a bakinsa.

Na kasa daurewa. "Kawu! Ka ɓoye sarki!"

Ko kallona bai yi ba. Ya ce, "Wannan baƙin ai ba nawa ba ne, na Habu ne. Ya saba laɓewa."

Malam Habu bai taɓa karo da kansa ba. Ya kawo hari, ya tarar da ƙofa a rufe. Ya sake kawowa, ya bar doki a baya. Gumi ya fara keto masa. Ana gab da kiran magariba Kawu ya zuro sarauniya har gindin sarkinsa, ya ɗaga hannu, ya zauna. Malam Habu ya duba hagu, ya duba dama. Babu hanya.

Kawu ya gyara hula. Ya yi gyaran murya. Ya ce, "Allah ya jiƙan sarki."

Wallahi ihun da aka yi har cikin gida, Inna ta rangaɗa guɗa ba ta ma san me ya faru ba. Ni ina ta tsalle, bidiyon da na ɗauka duk ƙafafun mutane ne. Malam Habu kuwa, mutumin da ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, ya miƙe idonsa jajir, ya nuna sojan.

"Wannan ba 'yar zama ba ce! Shekara nawa ba a taɓa cina ba sai da na kwaso ta! Na sake ta! Uku!"

Ni na ɗauka Kawu zai tashi ya taka rawa, burin rayuwarsa ya cika. Ko a jikinsa. Ya juya da sauri ya kama rigar Liman.

"Allah gafarta Malam, ka ji da kunnenka? Auwalu, ka ɗauka a waya? Ba ni na sa shi ba, ko? Don kansa ya yi?"

Liman ya ce, "Malam Iro, sakar min riga in je in yi salla."

Kun zaci Juma'a mai zuwa ya mayar da ita? Ba ku san Kawu ba. Sai da ya jira ta gama idda. Damina guda yana riƙe da baƙaƙe, yana ƙirga wata, kuma bai ƙara ɓoye sarki ba, wai ranar ma don dole ce. Ran da ta cika ya sa Inna ta yi waina aka raba wa maƙwabta. Ya saka farar rigarsa ta idi, ya karɓi fararensa, ya yi bismilla, ya tura sojan gaban sarki taki biyu. Ya bar sarkinsa a tsakiyar fili.

Aka cinye shi kafin waina ta huce.

Kowa na jiran ihun. Kawu ya ɗauki ɗan sojan, ya goge shi da bakin riga, ya mayar da shi gurbinsa. Sai ya juyo kaina.

"Duk laifinka ne, Auwalu."

"Ni kuma?"

"Kai ka yi ta kwaso min 'yan bariki daga waya. Kana gani zan rabu da matar arziki, ba ka hana ni ba."

Ku ji fa! Ni da na ƙarar da data, na ƙarar da kuɗin mota! Inna na daga zaure tana dariya har da riƙe ciki.

Daga ranar ba a ƙara jin "na sake ta" a gidan nan ba. Kowace Juma'a da ita yake farawa, kowace Juma'a a cinye shi, ya tashi yana fara'a. In ka tambaye shi sai ya ce, "Ai na ci Habu. Akwai bidiyo." Na taɓa jan Malam Habu gefe na ce tsakani da Allah, ranar nan da gangan ya bari? Ya ɓata rai ya ce in ƙara tambayarsa in ga. Ban ƙara ba.

Satin da ya wuce da muka je sadakar arba'in, bayan kun watse, na fito zan nemi mota, sai na ga Malam Habu a gindin darbejiya shi kaɗai, ya jera allon, har da kwalbar man zafi. Ya yafito ni. Na zauna, na juya masa fararen tunda shi ne babba. Ya mayar min da su.

"Ni ba na zama a wurinsa. Kai ɗansa ne, fara."

Na kai hannu kan sojan gaban sarki, yadda na saba. Sai ya riƙe min hannu.

"A'a, Auwalu. Nemi wata. Tana takaba."

Na yi dariya, sai na ga shi ba dariya yake ba, hawaye ne ke bin gemunsa. Na tura wani sojan daban. Ban san me ya hau kaina ba, ni mai wa'azin a ɓoye sarki, na bar nawa tsaye a tsakiyar fili har aka ritsa shi. Malam Habu ya gyara hula, ya buɗe baki zai faɗi abin da ya saba faɗa, ya kasa ƙarasawa. Ni na ƙarasa masa.

Allah ya jiƙan Kawu Iro. Allah ya yafe masa, ya haskaka kabarinsa, ya sa ya huta. Yadda bai taɓa juya wa nasa baya ya laɓe ba, Allah ya sa shi a inuwar rahamarsa. Allah ya ba Inna Talatu da Malam Habu haƙurin rashinsa, mu kuma in tamu ta zo ya sa mu cika da imani. Amin.